Tulun Baruk: Baki da Takarda a Tarihin Cinikin Ƙasa

Akwai wata magana da kusan kowane dattijon ikilisiya a ƙasar nan ya taɓa ji, wani ma da bakinsa ya faɗe ta. Ana zaune ana cinikin gona tsakanin masu bi biyu, an taya, an sallama, an ƙirga kuɗi, sai wani saurayi daga gefe ya ce a kawo takarda a rubuta. Nan da nan fuskar mai sayarwa ta sauya, ya dube shi ya ce, "Haba ɗana, ni da mahaifinka a teburin Ubangiji ɗaya muke cin Jibi. Me ya kawo takarda tsakaninmu?" Kunya ta rufe yaron, a yi addu'a, a watse. Ba na raina maganar dattijon nan, gama tana da tushe. Ubangijinmu ya koyar a Matiyu sura 5 cewa amsar mai bi ta isa ba sai da rantsuwa ba, Yakubu kuma ya maimaita koyarwar a sura ta 5 ta wasiƙarsa. Wanda ya tashi a kan wannan, in aka ce masa ya sa hannu, sai ya ji kamar an kira shi maƙaryaci a gaban jama'a. Amma kafin mu yanke cewa takarda alamar ƙarancin bangaskiya ce, ya kamata mu bi sawun al'amarin tun daga farko, mu ga yadda bayin Allah na dā suka sayi ƙasa, da kuma yadda aka yi har doka ta zo ta ce baki kaɗai bai isa ba.

Cinikin ƙasa na farko da Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarinsa dalla-dalla yana cikin Farawa sura 23, kuma mutuwa ce ta kawo shi. Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127. Ibrahim, wanda Allah ya yi wa alkawarin ƙasar Kan'ana duka, ya tashi daga gaban gawar matarsa ba shi da ko taƙi ɗaya da zai binne ta a ciki. Ya tafi wurin Hittiyawa masu garin, ya gabatar da kansa a matsayin baƙo, ya roƙi wurin kabari. Duk wanda ya san cinikin ƙasarmu zai ji zaman nan kamar a ƙofar gidan mai unguwa ake yinsa. Masu garin suka girmama shi, suka ce ya zaɓi duk kabarin da ya ga dama cikin nasu. Ya rusuna ya yi godiya, amma ya nemi a roƙar masa Efron ɗan Zohar ya sayar masa da kogon Makfela da ke ƙarshen gonarsa, a bakin cikakken kuɗinsa. Efron, da yake idon jama'a na kansa, ya ce ya ba shi kyauta, har da gonar. Ibrahim ya sāke rusunawa, ya ƙi. Sa'an nan Efron ya faɗi kuɗin a cikin salon wanda ke nuna kuɗi ba kome ba ne tsakanin manya irinsu: shekel 400 na azurfa. Shekel ɗaya kimanin giram 11 ne, ke nan azurfar ta haura kilo 4. Ibrahim bai nemi ragi ba. Ya auna azurfar da ma'aunin 'yan kasuwa, kowa yana gani.

Me ya sa mutumin da ke cikin makoki ya ƙi kyauta, ya zaɓi biyan kuɗi mai nauyi haka? A ganina ya san abin da Bahaushe ya sani, cewa zanen aro ba ya rufe katara. Kyautar ƙasa ga baƙo igiya ce da bakinta ɗaya ke hannun mai bayarwa. Efron mai fara'a ne yau, amma Efron zai mutu, kuma babu wanda ya san halin jikokinsa. Dawuda ma haka ya yi daga baya, da Arauna ya miƙa masa masussuka kyauta don ya gina bagade: ya ƙi, ya biya shekel 50 na azurfa domin masussukar da shanun.

Babu inda surar ta ce an rubuta wani abu. Duk da haka, mai karatu ya duba yadda ta ƙare. An ambaci gonar, da inda ta fuskanta wajen Mamre, da kogon da ke ciki, da itatuwan da ke cikin iyakarta kewaye, da waɗanda aka yi abin a gabansu, wato dukan masu shiga ta ƙofar garin. Ko lauyan yau in zai tsara takardar sayarwa, waɗannan abubuwa ne zai jera. Ƙofar gari ita ce ofishin rajistarsu, zukatan dattawa kuma su ne kundin. Kuma kundin ya yi aiki. Shekaru masu yawa bayan haka, Yakubu yana kwance a bakin mutuwa a Masar, ya faɗa wa 'ya'yansa sunan kogon, da sunan wanda aka saya daga hannunsa, da waɗanda aka riga aka binne a ciki: Ibrahim da Saratu, Ishaku da Rifkatu, da Lai'atu. Suka ɗauki gawarsa zuwa can, ba wanda ya tare musu hanya ya ce wurin ba nasu ba ne. Saboda haka wanda zai kafa hujja da Ibrahim don ya yi cinikin baka, to, ya yi irin na Ibrahim ɗin: a fili, da rana tsaka, a gaban gari duka, an faɗi kuɗi, an faɗi iyaka har da itatuwa. Cinikin da aka ƙulla a zaure bayan magariba tsakanin mutum biyu da dillali ba shi da gādon Makfela.

A zamanin mahukunta al'adar tana nan. Bo'aza ya zauna a ƙofar Baitalami, ya tara dattawa 10, ya sa dangin da ya fi shi kusa da Na'omi ya bayyana ko zai fanshi gonar Elimelek. Da mutumin ya janye, sai ya tuɓe takalminsa ya miƙa, jama'a suka amsa cewa sun shaida. Abin lura shi ne, marubucin littafin Rut ya tsaya ya yi wa masu karatunsa bayanin wannan tuɓe takalmi a matsayin al'adar mutanen dā. Ashe a zamaninsa an riga an bar ta, wani abu dabam ya maye gurbinta.

Shari'ar Musa kuwa ta sa wa cinikin ƙasa linzami tun daga tushe. Littafin Firistoci sura 25 ya ce ƙasar ta Ubangiji ce, Isra'ilawa baƙi ne a cikinta, don haka ba a sayar da gona har abada. A shekara ta 50 kowace gona takan koma ga gidan da ta fito, kuɗinta kuma ana lissafa shi ne bisa yawan girbin da ya rage kafin wannan shekara. Dangi na kusa yana da hakkin fansa. Maimaitawar Shari'a ta la'anci mai kawar da dutsen iyakar maƙwabcinsa, ta kuma ce ba a tabbatar da magana sai da shaida biyu ko uku. Dukan ginin yana tsaye ne a kan ginshiƙi ɗaya, wato cewa shaidu za su ji tsoron Allah. Ranar da suka daina, labarin Nabot ne ya nuna abin da ke biyo baya. Ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabin da ya gāda a Yezreyel, sai Yezebel ta sa aka nemo 'yan iska biyu, daidai adadin da Shari'a ta nema, suka yi masa shaidar zur, aka jajjefe shi. Kada kuma masu son takarda su yi murna da wuri. Umarnin kisan nan a rubuce ya tafi, da sunan sarki, da hatiminsa a kai. A cikin sura ɗaya, 1 Sarakuna 21, an ɓata baki an kuma ɓata alƙalami.

Takardar sayen gona ta farko da muka ga an rubuta a gabanmu tana cikin Irmiya sura 32. Shekara ta 10 ce ta sarautar Zadakiya, ta 18 ta Nebukadnezzar, wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu. Rundunar Babila ta kewaye Urushalima. Annabin kansa yana tsare a farfajiyar masu gadi ta fādar sarki saboda ya yi ta faɗin cewa birnin zai fāɗi. A wannan hali ne Hanamel, ɗan baffansa Shallum, ya shigo ya ce masa ya sayi gonarsa da ke Anatot a ƙasar Biliyaminu, tun da shi ke da hakkin fansa. Anatot ba ta wuce kilomita 5 daga Urushalima ba, ke nan tana cikin yankin da mayaƙan Kaldiyawa suke tattakewa. Ko wawan kasuwa ba zai taya wannan gona ba. Irmiya ya saya, domin Ubangiji ya riga ya gaya masa Hanamel na zuwa.

Dubi yadda ya yi. Ya auna azurfa shekel 17 a kan ma'auni. Ya rubuta takarda, ya sa mata hatimi, ya kira shaidu suka sa hannu. Takardar kashi biyu ce, ɗaya a liƙe da sharuɗɗan cinikin a ciki, ɗaya a buɗe. Ya miƙa su ga Baruk ɗan Neriya a gaban Hanamel, da shaidun, da dukan Yahudawan da ke zaune a farfajiyar, ya umarce shi ya sa su cikin tulun yumɓu domin su daɗe. Hikimar kashi biyun ita ce, wanda ke buɗe kowa na iya karantawa kullum, in kuwa gardama ta tashi aka zargi wani da ƙara kalma ko goge ta, sai alƙali ya fasa hatimin ɗayan a gwada su. Mutanen Babila sun daɗe suna yin irin wannan da allunan yumɓu, sukan rufe allon cikin wani ɓawon yumɓu su sāke rubuta maganar a bayansa. Masu tonon tarihi kuma sun ga irin takardar Irmiya da idonsu. A 1961 aka samu jakar wata Bayahudiya mai suna Babata a wani kogo kusa da Tekun Gishiri, da takardu 35 na ƙarni na 1 da na 2 bayan haihuwar Almasihu, na aure, da bashi, da gonakin dabino, da yawansu a naɗe a ɗaure ta sama, a buɗe ta ƙasa, sunayen shaidu a baya. Game da tulu kuwa, naɗaɗɗun littattafan da aka fara samu a Kumran a 1947 a cikin tuluna suka kwana wajen shekara 2,000.

Hanamel ɗan'uwan Irmiya ne na jini. Babu inda aka ce annabin yana zarginsa, kuma bai ce masa me ya kawo takarda tsakaninmu ba. Abin da ya sauya tsakanin Makfela da Anatot shi ne, shaidun Ibrahim za su ci gaba da zama a ƙofar Hebron, su da 'ya'yansu, amma shaidun Irmiya cikin 'yan watanni wasu za su mutu da takobi, wasu da yunwa, sauran a kora su Babila, ƙofar garin kanta a ƙone ta. Idan kundin da ke cikin zukatan dattawa zai watse, dole a juye shi a wani mazubi. Wannan, a fahimtata, shi ne asalin takarda a cinikin ƙasa ko'ina: tana shigowa ne sa'ad da gona za ta fi shaidunta tsawon rai.

Dokar da lauyoyinmu ke aiki da ita a kan wannan batu kuwa daga Ingila ta fito, kuma su ma da baki suka fara. Ƙarnuka da yawa Baturen Ingila in zai sayar da gona, sai ya shiga cikinta da mai saye da maƙwabta, ya ɗebi ƙasa da ɗan reshen itace ya danƙa masa, shi ke nan gona ta sauya hannu. Takalmin Baitalami ne da wata riga. Amma a ƙarni na 17, bayan yaƙin basasa da rikicewar mallakar filaye, shaidar zur ta zama abin saye da sayarwa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a kotunansu na lokacin ba a yarda mai ƙara ko wanda ake ƙara ya ba da shaida a kan shari'ar kansa ba, ƙa'idar da ba a kawar ba sai a 1851. Saboda haka in mutum ya yi hayar baki biyu suka rantse cewa ka sayar masa da gonarka, kai mai gonar sai dai ka zauna ka yi kallo. A 1677, zamanin Sarki Charles na Biyu, majalisarsu ta yi dokar da sunanta ya faɗi cutar da take magani, wato Dokar Hana Zamba da Rantsuwar Ƙarya. Sashe na 4 ya ce ba za a saurari ƙara a kan yarjejeniyar sayar da ƙasa ba sai in akwai yarjejeniyar a rubuce, ko wata 'yar takardar tuni game da ita, ɗauke da sa hannun wanda ake ƙara ko wakilinsa. Dokar ba ta ce cinikin baka laifi ne ba. Cewa ta yi kotu ba za ta tilasta shi ba.

Ba a daɗe ba aka gane maganin yana da nasa dafin. Mutum ya yi alkawari da baki, ya ci amfanin alkawarin, ranar cikawa ya ce a nuna masa inda ya sa hannu. Dokar hana zamba ta zama mafakar mazambata. Sai alƙalai suka buɗe wata 'yar ƙofa: idan mai saye ya riga ya aikata abin da ba ya da wata fassara sai cewa an yi ciniki, misali ya shiga gonar da yardar mai ita ya yi gini, za a saurare shi ko babu takarda. Ƙofar dai ƙunƙuntacciya ce, kamar yadda wata mata mai suna Elizabeth Maddison ta gani. Ta yi shekaru masu yawa tana riƙe da gidan wani manomi, Thomas Alderson, ba ya biyanta albashi, a kan alkawarin baka cewa zai bar mata gonarsa ta ci amfaninta muddin ranta. Ta so ta tafi ta kafa nata gidan, ya lallashe ta ta zauna. Mutumin bai yi niyyar cin amana ba, har wasiyya ya rubuta ya sa hannu, sai dai ba a sa shaidu a kanta yadda doka ta nema ba, wasiyyar ta fāɗi. Da ya mutu magajinsa ya nemi gonar, shari'a ta kai har kotun ƙarshe ta Ingila a 1883, aka yanke cewa hidimar da ta yi ba ta isa ta nuna an ƙulla yarjejeniyar ƙasa ba, tun da mace na iya zama a gida ta yi hidima saboda dalilai da dama. Ta tashi a tutar babu. Duk lokacin da na tuna da matar nan nakan tuna da gwaurayen mata da marayun da ke cikin ikilisiyoyinmu, waɗanda aka ce musu "kada ki damu, ai kowa ya san naki ne". Alderson mutumin kirki ne da ya bar aikin alheri rabi. Ingila kuwa ta ci gaba da ƙara ɗaurewa, har a 1989 ta yi dokar da ta ce yarjejeniyar sayar da ƙasa ba ta ƙullu ba sam sai an rubuta dukan sharuɗɗanta, bangarorin biyu sun sa hannu.

Dokar 1677 ta iso Nijeriya ne cikin kayan Turawan mulki, domin an karɓi manyan dokokin da ke aiki a Ingila ran 1 ga Janairu 1900 a matsayin namu. Ta tarar da mutane da tsarinsu. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta an san gādo, da aro, da jingina, da haya, da kyauta, da saye, kowanne da hukuncinsa, ana yinsu a gaban mai unguwa ko dagaci, a zaga gona a nuna iyaka, a dasa gamba ko a yi alama da wata bishiya. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da koyarwar rubuta bashi da kafa shaidu a cikin Suratul Baƙara. Kotunan Nijeriya ba su rushe wannan tsari ba. Sun tsaya a kan cewa cinikin da aka yi bisa al'ada ba ya bukatar takarda, amma sai ya cika sharuɗɗa uku: an biya kuɗi, an yi a gaban shaidu, an kuma danƙa filin ga mai saye a gaban shaidun. Shari'ar Cole da Folami ta 1956 na cikin waɗanda ake kafa hujja da su a kan haka. Mai karatu zai ga cewa waɗannan sharuɗɗa su ne na Makfela ba ragi ba ƙari. Wahalar ita ce ranar da za ka bukace su, sai ka kawo shaidun da ransu da hankalinsu.

A Arewa akwai wani hawa kuma. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, da binciken kwamitin filaye na 1908 a zamanin Gwamna Girouard, dokar 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna domin amfanin 'yan ƙasa. Aka sabunta ta a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1962, sa'an nan ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta shimfiɗa kusan wannan tsari a kan Nijeriya duka. Tun daga ranar, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta. Abin da mutum ke riƙe da shi hakkin zama ne da amfani, na birni daga gwamna, na karkara daga ƙaramar hukuma, kuma sashe na 22 ya hana a sayar ko a jinginar da hakkin da ke ƙarƙashin gwamna ba da yardarsa ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jinginar gida da aka yi wa banki saboda rashin wannan yarda, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ko da yake takardu a rubuce suke tsaf. Mai bi da ya karanta Littafin Firistoci ba zai yi mamakin a ce masa ƙasa ba tasa ba ce ɗungurungum. Bambancin dai shi ne, Mai ƙasar na ainihi ba ya sa a yi ta zarya a ofis.

Yanzu mu zo gida. Masu mishan na farko, irin waɗanda suka sauka Wase a 1904 da Garkida a 1923, baƙi ne a idon gwamnati, don haka tashoshinsu da iznin hukuma suka zaunu. Majami'un ƙauyuka kuwa, waɗanda masu bishara 'yan ƙasa suka kafa, yawancinsu labarinsu ɗaya ne. Wani dattijo ya tuba, ko wani dagaci mai kirki da bai ma shiga bangaskiya ba, ya miƙa hannu ya ce daga tsamiyar can zuwa bakin rafi ku yi ɗakin addu'arku. Aka yi godiya, aka kafa rumfa, rumfa ta zama ginin laka, laka ta zama bulo da kwano. Abin da Ibrahim ya ƙi, mu muka karɓa da hannu biyu, kuma ba laifi ba ne, gama iyayenmu ba su da shekel 400. Laifin da na gani shi ne na tsararmu, da muka iya karatu muka bar maganar yadda take. Na taɓa zama a wata majalisar dattawa inda jikokin mai kyauta, su ma masu bi, suka zo da ladabi suka ce kakansu aro ya bayar. Titi ya riga ya ratsa garin, filin da dā ba a ba shi kwandon dawa ya zama na miliyoyi. Aka nemi shaidu, sai aka tarar saura tsohuwa ɗaya da ke wurin ranar, ita ma ta ce tsamiyar da aka yi iyaka da ita an sare ta tun tana goyon ɗanta na fari. Ba na jin akwai maƙaryaci a ɗakin nan. Kowa abin da ya ji daga bakin mahaifinsa yake faɗa. Amma gida biyu sun daina gaisawa, waɗansu kuma suka daina zuwa sujada, a kan abin da rabin shafi zai kashe tun ana raha.

Mu ma shaidunmu ba su zaune wuri ɗaya kamar na Hebron. Aiki ya kai wasu birni, rikici ya tashi garuruwa sukutum, waɗanda suka koma bayan shekaru sun tarar da wasu a gonakinsu. Halinmu ya fi kama da na farfajiyar masu gadi. Wanda zai rubuta kuwa ya rubuta da tsoron Allah, domin alƙalami a hannun mai ilimi a gaban wanda bai iya karatu ba wuƙa ce. Dokar ƙasa ta san haka, shi ya sa ta wajabta wa wanda ya rubuta takarda a madadin wanda bai iya karatu ba ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar cewa an karanta wa mutumin an fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Ishaya ya yi kuka da masu haɗa gona da gona har ba sauran wuri, ya kuma yi kuka da masu rubuta dokokin zalunci. Ɗan ikilisiya da ya rubuta "saye" a inda gwauruwa ta ce "jingina" ya ari hatimin Yezebel ne, kome kyan takardarsa a gaban kotu. Filin majami'a kuma a rubuta shi da sunan amintattun ikilisiya masu rajista, kada a bar shi da sunan fasto ko ma'aji, gama su ma suna da magada.

Irmiya kansa bai fita daga cinikin nan da kwanciyar rai ba. Da Baruk ya tafi da takardun, sai annabin ya juya ga Ubangiji da doguwar addu'a, ya lissafa ayyukansa tun daga Masar, ya ƙare da abin da ke damunsa: ga mahaurai an tula a jikin garu, birni na hannun Kaldiyawa, shi kuwa an ce ya sayi gona ya kafa shaidu. Amsar da ya samu ba ta janye hukuncin ba. Birnin zai ƙone. Amma Ubangiji ya ce zai komo da mutanensa, kuma alamar da ya zaɓa ta kwatanta komowar ita ce za a sāke sayen gonaki da azurfa, a rubuta takardu, a liƙe su, a kira shaidu, a ƙasar Biliyaminu da kewayen Urushalima da garuruwan Yahuza.

Urushalima ta fāɗi. Bayan kisan Gedaliya, ragowar mutanen suka ja Irmiya da Baruk zuwa Tafanes ta Masar ba da son ransu ba, kuma Littafi bai ƙara ambaton gonar ko tulun ba. Sai a Ezra sura 2, cikin dogon jerin waɗanda suka komo daga Babila bayan umarnin Sairus, jerin da yawancinmu kan tsallake a karatun safe, aka rubuta mutanen Anatot, su 128.